Kama da Wane Ba Ta Wane

Shekarun baya, lokacin ina ɗan rahoto a wani gidan rediyo, edita ya miƙo mini takardar sanarwa daga wata jami'a. Takardar ta ce masana sun gano cewa saiwar wata bishiya tana ɗauke da sinadaran da ke maganin ciwon suga. Na gyara jimla biyu, na ɗora kanu mai jan kunne, aka karanta a labaran ƙarfe bakwai. Mako bai zagayo ba sai ga wani mai tallar magani a tasha, da lasifika a kan mota, yana kafa hujja da labarin nawa: ai har a rediyo an faɗa. Ban yi wa masanan tambaya ko ɗaya ba, alhali tambayar da ta kamata gajeriya ce. Wane sinadari ne? Yaya ƙirarsa take? Da wace na'ura aka karanta ƙirar?

Abin da nake son in kare a wannan maƙala shi ne, duk al'ummar da ba ta iya karanta ƙirar sinadarin da take haɗiya, cinikin biri a sama take yi da lafiyarta. Akwai na'urar da ke yin wannan karatu, ana kiranta NMR. Mun ɗauke ta a matsayin kayan alatun Turawa, kuma wannan kuskure ne da ake biyan kuɗinsa da rayuka. Hujjata ta farko daga Amurka take, ƙasar da ba ta rasa kuɗi ko ƙwararru ba, amma aka zambace ta ta ƙofar da mu muka bari a buɗe har yau.

Maganin da ya ci kowace jarrabawa

Hefarin magani ne da ke hana jini daskarewa. Ana amfani da shi a wankin ƙoda da tiyatar zuciya, kuma daga hanjin alade ake tace mafi yawansa, galibi a ƙasar Sin. A ƙarshen 2007, yaran da ake wa wankin ƙoda a wani asibitin yara da ke birnin Sen Luwis na jihar Misuri suka fara nuna wata alama mai tayar da hankali: mintoci kaɗan da fara aiki sai fuska ta kumbura, bugun zuciya ya ƙaru, ƙarfin jini ya faɗi. A watan Janairun 2008 aka sanar da hukumomin lafiya, kamfanin Baxter ya fara janye hefarinsa daga kasuwa. Zuwa watan Afrilu, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ta sami rahoton mutuwar mutum 81 da ake alaƙantawa da maganin, kuma an gano gurɓataccen hefarin a ƙasashe 11.

Abin lura shi ne, wannan hefarin ya ci duk jarrabawar da doka ta tanada a lokacin. Babbar jarrabawar tana duba aikinsa ne: a zuba shi cikin ruwan jini, a ga ko zai hana daskarewa. Ya hana. Dalili kuwa, an cakuɗa shi da wani sinadari da ake samu daga guringuntsin dabbobi, wanda aka ƙara wa gungun salfa fiye da yadda yake a halitta, har ya koyi yin aikin hefarin a cikin kwalbar gwaji. Yana da arha ƙwarai, kuma a shekarar wata annoba ta kashe aladu da yawa a Sin, farashin ɗanyen hefarin ya tashi. A jikin mutum kuwa, wannan baƙo yana tayar da wani sinadari da ke saki jijiyoyi, jini ya faɗi farat ɗaya.

A wannan shekarar dai aka yi irin wannan zamba da madarar jarirai a Sin. Ma'aunin da ake auna furotin da shi sinadarin naitirojin yake ƙirgawa, sai 'yan damfara suka tsarma madara da ruwa, suka zuba melamin, wanda ke cike da naitirojin. Jarirai 6 suka mutu, kusan 300,000 suka kamu da ciwo. Darasin guda ne: duk gwajin da ke duba alama, ana iya sama masa jabun alama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya tona asirin jabun hefarin shi ne gwajin da ya bar tambayar me abin nan yake yi, ya koma tambayar mene ne shi.

Yadda ake ƙwanƙwasa ƙwayar sinadari

Wanda ya taɓa sayen tukunyar ƙasa ya san ba a tsayawa ga kallo. Ana ƙwanƙwasa ta, a saurari amonta, amon ne zai faɗi ko akwai tsaga a ɓoye. Aikin NMR ke nan, sai dai abin da take ƙwanƙwasawa shi ne cibiyar ƙwayar zarra.

Cibiyar zarrar haidirojin tana da ɗabi'ar ɗan ƙaramin maganaɗisu. Idan aka sa ta cikin babban maganaɗisu, aka buga mata igiyar rediyo da ta dace da ita, sai ta amsa, ta mayar da amo. Na'urar da aka fi gani a jami'o'in duniya tana da maganaɗisu mai ƙarfin tesla 9.4, wato kusan ninki 200,000 na maganaɗisun doron ƙasa, kuma a cikinsa haidirojin na amsawa a kan megahaz 400. Tashoshin FM da muke saurare suna tsakanin 88 da 108 ne, don haka ba wani baƙon haske mai ƙona jiki ba ne, rediyo ne. Filis Bulok da Edwad Pasel ne suka nuna wannan a ruwa da daskararrun abubuwa a 1946, kowa da ayarinsa, suka raba kyautar Nobel a 1952. Na'urar MRI da ake shigar da majiyyaci cikinta a asibiti 'yar wannan ilimi ce.

Da a ce duk haidirojin amo ɗaya suke yi, da abin bai amfani masana sinadarai ba. Sa'ar ita ce, kowace cibiya tana lulluɓe da ilaktoron da ke ɗan kare ta daga maganaɗisu, kuma kaurin wannan lulluɓi ya dogara da maƙwabtanta. Haidirojin da ke kusa da oksijin an ɗan yaye masa mayafi, amonsa ya bambanta da na wanda ke zaune tsakanin kabon zalla. Bambancin ƙanƙani ne, shi ya sa ake auna shi da kashi cikin miliyan, a kan wani layi da ya tashi daga 0 zuwa kimanin 12. Kowane gungun haidirojin yana fitowa a matsayin tsini a kan layin, kuma zanen yana ba da labari uku. Inda tsinin ya tsaya yana faɗin irin unguwar da gungun yake. Girmansa yana faɗin yawan haidirojin da ke cikinsa. Yadda ya rarrabu kuma yana ƙirga na maƙwabta: gungun da ke da maƙwabta biyu tsininsa kan rabu uku, mai maƙwabta uku ya rabu huɗu.

Ga misali. Sinadarin itanol, wanda ke cikin ruwan tsaftace hannu, yana da kabon 2, haidirojin 6, oksijin 1. Akwai wata iskar gas mai suna daimetil ita da ke da wannan lissafi daidai, ba ragi ba ƙari. Tubali ɗaya, gini daban. A NMR, itanol yana ba da gungu uku masu girman 3 da 2 da 1, kamar yadda aka fara gani a jami'ar Stanfod a 1951. Ɗayan kuwa tsini guda yake bayarwa, domin haidirojin shidan duk zamansu iri ɗaya ne. Ma'aunin nauyi zai ce su ɗaya ne, amo ya raba su.

Daga baya Ricad Anst ya kawo dabarar buga duk cibiyoyin lokaci guda da ɗan gajeren bugu, a bar lissafi ya warware amon, sannan ya bunƙasa zane mai fuska biyu da ke nuna wace zarra ke riƙe da wace. Ya karɓi Nobel a 1991. Ana kuma sauraren kabon mai lamba 13, duk da kashi 1.1 ne kawai cikin 100 na kabon, domin a zana ƙashin bayan ƙwayar. Abin da ake bukata 'yan miligiram ne a narke cikin ɗan ruwan da bai kai mililita ɗaya ba, a siririyar kwalba mai faɗin milimita 5, kuma bayan gwaji samfurin yana nan lafiya. Domin a ga girman sauyin: an tace gubar sitiriknin a 1818, amma sai a ƙarshen shekarun 1940 aka daddale ƙirarta, bayan kusan shekara 130 ana farfasa ta ana haɗa gutsattsari. Yau irin wannan aiki na kwanaki ne.

Mu koma ga hefarin. Na gaskiya yana da wani tsini sananne a 2.04. A gurɓatattun samfura sai ga wani ƙarin tsini a wajen 2.15. A na'ura mai megahaz 500, wannan tazara ba ta wuce kaɗawa hamsin da 'yan kai cikin miliyan 500 ba. Wannan ɗan gibi ne ya raba magani da guba. A watan Maris hukumar ta bayyana sunan baƙon sinadarin, ayarin masana daga Amurka da Italiya suka wallafa cikakkiyar ƙirarsa, kuma a cikin shekarar aka gyara littafin ƙa'idar magunguna na Amurka, gwajin NMR ya zama wajibi a kan hefarin.

Akwai mutane a Kano

Yanzu a ɗauki kundin kammala digiri a fannin sinadarai ko harhaɗa magunguna daga yawancin jami'o'inmu. Ɗalibi ya samo ganye ko ɓawo, ya shanya, ya daka, ya jiƙa, ya tace. Ya ɗiga wani ruwa, launi ya koma baƙi-baƙi, ya rubuta akwai tanin. Ya girgiza kwalba ta yi kumfa, ya rubuta akwai safonin. Wani ɗigon ya kawo gurɓi, ya rubuta akwai alkaloyid. Sannan ya kammala da cewa wannan ya gaskata amfanin da ake yi da tsiron a gargajiyance. Irin wannan takarda ce ta zama labarina na ƙarfe bakwai.

Alkaloyid sunan dangi ne mai dubban 'ya'ya. Kwinin na zazzaɓi yana ciki. Kafin da ke cikin goro yana ciki. Nikotin na taba, da mofin, da ita kanta gubar sitiriknin, duk suna ciki. Wanda ya ce ganye na ɗauke da alkaloyid, tamkar wanda aka aika neman wani mutum ne ya dawo ya ce akwai mutane a Kano. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi kome ba. Wannan gwaji matakin farko ne, mu kuwa mun mayar da shi ƙarshen tafiya, ana ba da digiri a kansa, ana ƙarin girma da shi.

Ba ɗaliban nake zargi ba. Na taɓa shiga ɗakin gwajin wata jami'a, aka nuna mini na'urar NMR da aka ƙaddamar da biki, tana lulluɓe da leda, ƙura ta rufe ta. Mai kula da ɗakin ya ce an sayi na'urar, amma ba a ware kuɗin ciyar da ita ba. Malaman da suka nace sai sun ga ƙirar abin da suka tace, sai su ɗura samfurinsu a ƙaramar kwalba su aika Afirka ta Kudu ko Ingila ko Pakistan, su jira watanni, wani lokaci sinadarin ya lalace a hanya. Tsiron namu, wahalar tamu, amma idon da zai karanta na aro ne.

A kwatanta da labarin maganin zazzaɓin cizon sauro da kowannenmu ya sha. Tu Yuyu da ayarinta a Sin sun tattara girke-girken gargajiya sama da 2,000, suka tsaya a kan wani jinsin tazargade. Sun tace sinadarin atimisinin a 1972, kuma zuwa 1975 aka warware ƙirarsa da taimakon NMR da wasu na'urori, aka ga wata gada ta oksijin biyu wadda ita ce makamin da ke kashe ƙwayar cutar. Sanin ƙirar ne ya ba da damar gyara ta a samar da atimita da atisunet, a san adadin da yaro zai sha da wanda babba zai sha, a kuma iya gane jabu. Ta karɓi Nobel a 2015. Ganyen ya shekara fiye da dubu a hannun masu magani, amma bai ceci miliyoyin mutane a Afirka ba sai da aka san ƙirar abin da ke cikinsa.

Akwai kuma fuskar da ta fi muni. A ƙasashe da dama an kama magungunan ƙarin kuzarin maza da aka rubuta wa ganye zalla, alhali an zuba musu sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra. Da hukumomi suka fara neman sa, sai masu haɗawa suka riƙa sauya ɗan reshe ɗaya a ƙirarsa domin gwajin da ke neman sananniyar fuska ya wuce shi. Da NMR da ma'aunin nauyin ƙwaya aka riƙa gano waɗannan sababbin 'yan uwa, waɗanda ba a taɓa gwada su a jikin mutum ba. Mai ciwon zuciya da ke shan maganin naitiret, idan ya haɗa da irin wannan, jininsa na iya faɗuwa har lahira. A tuna kuma, lambar da NAFDAC ke bai wa yawancin magungunan gargajiya shaida ce ta gwajin rashin cutarwa, ba ta tabbatar da cewa suna warkarwa ba. Mai lasifika ba zai faɗi wannan ba, mu ma 'yan jarida ba mu cika faɗa ba.

Abin da za a ce mini

Za a ce ƙasar da asibitocinta ke rasa safar hannu ba ta da hurumin maganar na'urar dubban ɗaruruwan daloli. Tsadar gaskiya ce. Maganaɗisun yana zaune ne cikin ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, kewaye da ruwan naitirojin mai 196 ƙasa da sifili. Naitirojin ana ƙara shi kusan kowane mako, hiliyom bayan 'yan watanni, kuma idan aka bari ya ƙafe, maganaɗisun ya mutu, tayar da shi wani babban kashe kuɗi ne. Amma wannan hujja ce ta tsari, ba ta haƙura ba. Ba kowace jami'a ke bukatar tata ba. Cibiya ɗaya a kowace shiyya, mai kasafin hiliyom na shekaru, da injiniya mai albashin da zai zaunar da shi, da wutar rana, da farashi a bayyane ga duk mai kawo samfuri, ta fi na'urori goma da ke ƙarƙashin leda. Akwai kuma ƙananan na'urori na kan tebur, masu megahaz 60 zuwa 100, da ba sa shan hiliyom ko kaɗan, sun isa koyarwa da tantance sinadarai da yawa. Kuɗin ƙofar jami'a ɗaya mai ado zai sayi irinsu.

Za a ce NMR ba ta ganin kome da kome. Haka ne. Ba ta da kaifin gano ɗan mitsitsin gurɓi kamar wasu na'urori, ba ta bambanta ƙwayoyi biyu da suke kamar hannun dama da na hagu sai da ƙarin dabara, kuma ba ta faɗin ko magani na warkarwa, wannan aikin gwaji a kan majiyyata ne. Masu karanta zanen ma suna kuskure: wani nazari na 2005 ya ƙirga ƙira fiye da 300 da aka wallafa aka dawo aka gyara cikin shekara goma sha biyar. Sai dai da me aka gyara su? Da zanen da aka ajiye, wanda wani masani a wata ƙasa ya sake dubawa. Kuskuren da ya bar sawu ana kama shi. Kumfa a kwalba ba ta barin sawun da za a bi.

Haka nan, gubar dayetilin gilaikol da ta kashe yara 84 a Najeriya ta hanyar maganin haƙori na My Pikin a 2008 zuwa 2009, ta kuma kashe kusan 70 a Gambiya a 2022, akwai na'urar da ta fi NMR arha da ke kama ta. Amma ciwon guda ne. Ruwa ne fari mai kauri da ɗan zaƙi, ya yi kama da wanda ake narka magani da shi, aka yarda da rubutun jikin duro, ba a tambayi abin da ke ciki ba.

Za a kuma ce ina raina maganin iyaye da kakanni. Wanda ya raina shi shi ne wanda ya bar shi a bakin tasha, ba awo ba suna, kowane ɗan damfara na fakewa da shi. Girmama sabara da marke da maɗaci shi ne a yi musu abin da aka yi wa tazargade.

Abin da ya rage mana

Ga TETFund da majalisun jami'o'i: kada a sake amincewa da sayen irin wannan na'ura sai da kuɗin ciyar da ita da horar da mai riƙe ta a cikin takarda ɗaya, kuma a riƙa wallafa yawan samfuran da kowace ta auna a shekara. Ga shugabannin sassa: digiri na uku a kan tsiro bai kamata ya tsaya a sauyin launi ba. Ga likitoci da masu harhaɗa magunguna da ke karanta wannan shafi: idan wakilin kamfani ya kawo sabon haɗi, ku nemi takardar da ta nuna abin da ke ciki da hanyar da aka bi aka tabbatar.

Ga abokan aikina kuma, mu da muke riƙe da makirfo. Idan sanarwa ta zo cewa an gano magani, tambaya huɗu ta ishe mu: mene ne sunan sinadarin, ina zanen ƙirarsa, wace mujalla ta tantance, an gwada a jikin mutum ko a ɓera aka tsaya? In babu amsa, babu labari. Ni ban yi waɗannan tambayoyi ba a ranar da ya kamata, kuma akwai masu ciwon suga da suka ji muryar gidanmu ta bakin mai lasifika kafin su miƙa kuɗinsu.